Sauya Tsarin Hotunan Waya Da Na Kwamfuta: Bayani Ga Jama'a Da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

A wannan zamani, da wuya mutum ya cika fom na neman makaranta, ko aiki, ko fasfo, ko wani tallafi, ba tare da an buƙaci ya ɗora hotonsa ko hoton takardunsa a shafin intanet ba. Alal misali, a watan Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta soma tsarin da mai neman fasfo zai ɗora hotonsa da takardunsa ta intanet kafin ya je ofis a ɗauki zanen yatsunsa.

Tudun Wadan Zariya wuri ne da irin wannan aiki ya yawaita, saboda makarantun da ke kewaye da shi, kamar harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantu. Harkar ɗab'i ma ta daɗe a wannan sashe na Zariya, tun kafuwar Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945. A yau shagunan kwamfuta da na ɗaukar hoto ne ke karɓar ɗalibai da magidanta daga Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba da Kufena da sauran garuruwan karkara. Sau da yawa abin da ke hana buƙatarsu biya ƙaramin abu ne: shafin ya ƙi karɓar hoton, ko don tsarinsa ya saɓa wa wanda aka nema, ko don nauyinsa ya wuce ƙa'ida. Ga wanda ya biya kuɗin mota ya baro gonarsa, wannan na nufin asarar yini guda, wani lokaci ma har a rufe rajista bai samu shiga ba.

Dalilin da ya sa muka shirya wannan bayani ke nan. Ƙa'idar da muke so mai karatu ya riƙe guda ɗaya ce: a adana hoton asali yadda yake, a riƙa sauya kwafinsa gwargwadon aikin da za a yi da shi.

Yadda Hoto Yake Zama A Cikin Na'ura

Duk hoton da ke cikin waya ko kwamfuta tarin ƙananan ɗigo-ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Idan aka ce kyamarar waya megafiksel 12 ce, ana nufin hotonta yana da ɗigo wajen miliyan 12, wato 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Kowane ɗigo yana cin gurbi uku na ma'aunin da ake kira bait, ɗaya na launin ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Saboda haka, da za a ajiye irin wannan hoto ba tare da an matse shi ba, nauyinsa zai kai megabait 36. Megabait ɗaya kuwa kimanin kilobait 1,000 ne.

Tsarin hoto shi ne hanyar da na'ura ke bi wajen shirya waɗannan ɗigo-ɗigo a cikin fayil. Ana gane shi ta haruffa uku ko huɗu da ke ƙarshen sunan fayil ɗin bayan ɗigon aya, kamar .jpg ko .png. Hanyoyin matse hoto iri biyu ne. Akwai matsewar da ba ta zubar da komai, tamkar a ninke riga a sa a akwati, in an warware ta a same ta yadda take. Akwai kuma wadda ke zubar da wani sashe na hoton da ido bai cika lura da shi ba, domin nauyi ya ragu ƙwarai. Abin da aka zubar ta wannan hanya ta biyu ba ya dawowa har abada.

Tsare-Tsaren Da Aka Fi Amfani Da Su

JPEG, wanda kuma ake rubutawa JPG. An fitar da ƙa'idarsa a shekarar 1992, kuma shi ne ya fi kowanne yaɗuwa a duniya. Yana rage nauyi ta hanyar zubar da wani sashe na hoton, ta yadda hoton nan mai megabait 36 zai iya komawa megabait 3 zuwa 5. Ya dace da hoton mutum da na gona da na gini da na taro. Yawancin shafukan cika fom shi suke nema. Illarsa ita ce duk lokacin da aka buɗe shi aka yi gyara aka sake ajiyewa, ingancinsa yana ƙara raguwa.

PNG. An amince da shi a shekarar 1996. Ba ya zubar da komai daga hoton, saboda haka rubutu da layuka suna fitowa tsaf. Ya dace da tambarin hukuma da taswira da jadawali da hoton fuskar waya. Yana kuma iya barin bayan hoto babu launi, yadda za a ɗora tambari a kan kowace takarda. Amma idan aka ajiye hoton mutum ko na fili a wannan tsari, nauyinsa yakan ninka na JPEG sau da yawa.

GIF. Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1987. Launuka 256 kacal yake ɗauka, alhali JPEG na ɗaukar fiye da miliyan 16. A yau an fi amfani da shi wajen gajerun hotuna masu motsi. Bai dace da hoton fasfo ba.

BMP. Tsohon tsari ne na manhajar Windows, wanda galibi ba ya matse hoto ko kaɗan. Yana da nauyi ainun. Wasu tsofaffin na'urorin sikanin suna fitar da shi, kuma ya fi kyau a mayar da shi PNG ko JPEG kafin a aika.

TIFF. An fito da shi a 1986. Shi ne zaɓin maɗaba'u da ma'ajiyar takardun tarihi, domin yana iya riƙe hoto cikakke, kuma fayil guda yana iya ɗaukar shafuka da yawa. Ya dace da adana muhimman takardu na dogon lokaci, sai dai nauyinsa ya sa ba a cika aika shi ta waya ba.

WebP. Kamfanin Google ne ya fito da shi a 2010 domin shafukan intanet su riƙa buɗewa da sauri. Da yawa daga cikin hotunan da ake saukewa daga intanet a wannan tsari suke zuwa, kuma wasu tsofaffin manhajoji ba sa buɗe shi.

HEIC. Tun shekarar 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto a wannan tsari, wasu wayoyin Android ma suna da shi. Yana da inganci da ƙarancin nauyi, amma kwamfutoci da shafuka da dama ba sa karɓarsa. Shi ne musabbabin ƙorafin nan da aka saba ji, cewa hoto yana buɗewa a waya amma ya ƙi buɗewa a kwamfutar ofis.

PDF. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993. A asali tsari ne na takarda, amma yana iya ƙunsar hotuna. Shi ya fi dacewa idan za a haɗa shafuka da yawa wuri guda, kamar takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon jarrabawa.

Abubuwa Huɗu Da Ya Kamata A Sani Kafin A Sauya

Na farko, canza haruffan ƙarshen suna ba ya sauya tsarin hoto. Wanda ya goge .heic ya rubuta .jpg ya sauya wa tuwo suna ne kawai, domin abin da ke cikin fayil ɗin yana nan yadda yake, kuma shafin da ke bincika fayil zai iya ƙin karɓarsa. Dole sai manhaja ta buɗe hoton ta sake rubuta shi a sabon tsari.

Na biyu, sauyawa ba ta dawo da ingancin da ya riga ya tafi. Idan hoton JPEG ya dushe, mayar da shi PNG ko TIFF zai ƙara masa nauyi ne kurum, dushewar na nan. Haka nan ƙara wa ƙaramin hoto girma ba ya ƙara masa haske ko fitowa. Tun ran gini tun ran zane: a ɗauki hoto mai kyau tun farko, cikin isasshen haske, hannu ba ya rawa.

Na uku, wasu abubuwa suna ɓacewa a wajen sauyawa. Tambarin PNG da bayansa ba shi da launi, in aka mayar da shi JPEG, bayan zai zama fari ko baƙi. Hoton GIF mai motsi zai tsaya cik. Fayil ɗin TIFF mai shafuka goma kuwa, wasu manhajoji shafin farko kawai za su fitar su bar sauran.

Na huɗu, hoton da waya ko kyamara ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyen bayani, wanda ya haɗa da rana da lokaci da irin na'urar, har da wurin da aka ɗauke shi idan an kunna wannan sashe a waya. Sauya tsari, ko ɗaukar hoton fuskar waya, yana iya share wannan bayani.

Yadda Ake Sauyawa A Kwamfuta

Kowace kwamfuta mai Windows tana zuwa da ƙaramar manhaja mai suna Paint, kuma ta wadatar ga yawancin ayyukan yau da kullum. Matakan su ne kamar haka:

1. A yi kwafin hoton a wata folda dabam, a bar na asalin kada a taɓa shi.
2. A buɗe kwafin da Paint.
3. A shiga wurin da aka rubuta File, a zaɓi Save As.
4. A zaɓi tsarin da ake so, JPEG ko PNG ko wani.
5. A ba sabon fayil ɗin suna mai ma'ana, sannan a ajiye.
6. A buɗe shi a duba da ido kafin a ɗora ko a aika.

Idan PDF ake buƙata, tun daga Windows 10 da aka fitar a 2015 akwai hanya mai sauƙi. Sai a ba da umarnin buga hoton, amma a wurin zaɓen na'urar bugawa a zaɓi Microsoft Print to PDF. Kwamfuta za ta fitar da fayil maimakon takarda.

Ga ofisoshi da shagunan da ke da hotuna masu yawa, manhajoji irin su IrfanView da XnConvert suna sauya ɗaruruwan hotuna a lokaci guda. Sai dai a lura da sharuɗɗan lasisinsu, domin ana ba da su kyauta ne ga wanda ba kasuwanci zai yi da su ba. Manhajar GIMP kuwa kyauta ce ga kowa, kuma tana ba da damar zaɓen matakin ingancin JPEG. Mataki 80 zuwa 90 cikin 100 ya isa ga mafi yawan ayyuka.

Yadda Ake Sauyawa A Waya

Mai iPhone yana iya kauce wa matsalar HEIC tun daga tushe. Sai ya shiga Settings, ya zaɓi Camera, sannan Formats, ya danna Most Compatible. Daga nan duk sabon hoton da ya ɗauka zai zama JPEG. Wayoyin Android da ke da wannan tsari su ma ana iya kashe shi a cikin saitin kyamara.

Idan takarda ake son ɗauka, manhajar Google Drive tana da sashen sikanin da ke daidaita gefunan takarda, ya haɗa shafuka, ya fitar da PDF. A shimfiɗa takardar a kan tebur ko tabarma mai launi ɗaya, a tsaya inda inuwa ba za ta faɗa mata ba, a tabbatar kusurwoyinta huɗu da hatimi da sa hannu duk sun fito.

Muna kuma jan hankalin jama'a game da WhatsApp. Idan aka aika hoto ta hanyar da aka saba, manhajar takan rage girmansa da ingancinsa, ta kuma cire ɓoyayyen bayanin da muka ambata. Wannan ne ya sa ƙananan rubutu a takardar fili ko ta sakamakon jarrabawa suke cakuɗewa bayan hoto ya bi hannu biyu ko uku. Wanda ke so hotonsa ya isa yadda yake, sai ya aika shi a matsayin takarda, wato ta wurin da aka rubuta Document.

Rage Nauyin Hoto

Sau da yawa tsarin daidai yake, nauyin ne ya yi yawa. Kowane shafi yana da nasa iyaka, saboda haka a karanta ƙa'idar da aka rubuta kusa da wurin ɗora hoton kafin a fara komai. A ce shafi ya nemi JPEG da bai wuce kilobait 100 ba, alhali hoton da ke hannu megabait 4 ne. Matakin farko shi ne a yanke gefuna, a bar kai da kafaɗu kawai. Na biyu, a rage yawan ɗigon ta wurin da aka rubuta Resize. Hoton da aka mayar 600 a kwance da 600 a tsaye yana da ɗigo 360,000 ne kacal maimakon miliyan 12, kuma galibi wannan ya isa ya sauko da nauyin. In bai sauko ba, sai a ɗan rage matakin inganci. A kula a rage tsawo da faɗi tare bisa daidaito, don kada fuska ta miƙe ko ta baje.

Aikin bugawa a takarda kuwa akasin haka yake buƙata. Abin da aka saba a maɗaba'u shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45 yana buƙatar kimanin ɗigo 413 da 531, cikakken shafin A4 kuma 2,480 da 3,508. Wanda zai kai hoto a wanke masa, ko a buga shi a kalanda ko allon sanarwa, ya kai na asalin, kada ya kai wanda aka riga aka rage domin cika fom.

Ba kowace rajista ce ke karɓar hoton da mutum ya zo da shi ba. Rajistar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN da ta banki ta BVN, a wurin rajistar ake ɗaukar hoton mutum. Yana da kyau a tambaya tukuna kafin a kashe kuɗi.

Kiyaye Sirrin Takardu

Akwai shafukan intanet masu yawa da ke sauya hoto kyauta. Amfani da su yana nufin mutum ya aika hotonsa zuwa kwamfutar wasu mutane, sau da yawa a wata ƙasa, ba tare da ya san tsawon lokacin da za su riƙe shi ba. Ga hoton gona ko na biki babu damuwa sosai. Amma katin shaida da takardar banki da takardar asibiti da ta mallakar fili, ya fi dacewa a sauya su da manhajar da ke cikin na'urar kanta.

Wanda ya kai aikinsa shagon kwamfuta ya nemi a ba shi kwafin asali da wanda aka sauya, a waya ko a filashi, sannan ya roƙi a goge takardunsa daga kwamfutar shagon a gabansa. Masu shaguna su ma muna kira gare su da su ɗauki wannan a matsayin amana. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Har ila yau, a rarrabe tsakanin sauya tsari da sauya abin da ke cikin takarda. Mayar da hoton takardar haihuwa daga PNG zuwa PDF halal ne a doka. Goge shekara ko suna ko maki a cikinta kuwa jabu ne, kuma laifi ne da ake hukunta mai yinsa.

Ga Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi Da Ofisoshin Hakimai

Ma'aikatan da ke ɗaukar hotunan ayyuka, kamar rijiyar burtsatse ko ajin makaranta ko gonakin da ambaliya ta shafa, su sani cewa hoton asali shi ne hujja, domin shi ke ɗauke da rana da wuri. Muna ba da shawarar kowane ofis ya ware folda biyu, ɗaya ta hotunan asali da ba a taɓawa, ɗaya ta kwafin da ake ragewa ana sa wa a rahoto. A riƙa sa wa fayil suna da ya ƙunshi shekara da wata da gari da aiki, alal misali 2025-08-Dambo-rijiya. A ajiye hotunan asalin a wuri biyu aƙalla, domin waya tana ɓata, filashi yana lalacewa.

Tsofaffin takardu, kamar na iyakokin gonaki da na gado da wasiƙun sarauta, a yi masu sikanin a kan ɗigo 300 a kowane inci ko fiye, a adana su a tsarin TIFF ko PNG, sannan a fitar da kwafin PDF domin rabawa. Takardar ainihi ita ma a ci gaba da adana ta, kada a ce an ɗauki hotonta a yi sakaci da ita.

Kammalawa

A taƙaice, hoton mutum ko na wuri a ajiye shi JPEG, tambari da taswira PNG, takardu masu shafuka da yawa PDF, abin da za a adana shekaru da dama kuma TIFF. HEIC da WebP da BMP a mayar da su JPEG ko PNG kafin a ɗora su a shafin da bai ambace su ba. Muna roƙon masu unguwanni da malaman makaranta da ɗaliban da suka karanta wannan bayani su isar da shi ga iyaye da maƙwabta. Wanda zai taso daga ƙauye zuwa Tudun Wada domin cika fom, ya zo da hoton asali da takardunsa na ainihi, ya kuma zo tun da sauran kwanaki kafin ranar rufewa.